Alu Mishel, Direban Motar Gawa

Ranar da Alhaji Abduljalil ya rasu a Treichville, cikin watan Maris na shekarar 2011, babu mota ko ɗaya a unguwar da ta yarda ta ɗauke shi. Abidjan ta rabu biyu, mutum biyu kowa ya ce shi ya ci zaɓe, samari sun daddatse tituna da tebura da tayoyi suna duba katin mutane. Wanda sunansa ya yi kama da na 'yan Arewacin ƙasar, ko aka ga tabon salla a goshinsa, sai abin da Allah ya yi. Ga gawa a kwance tun hantsi, ga zafin Maris, ga maƙabarta a tsallaken gada, can Williamsville bayan Adjamé. Ɗaya maƙabartar kuwa, ta Koumassi, tun safe ake ruwan harsashi a kan hanyarta. Sai da aka gama buge-bugen waya kowa ya noƙe, sannan ɗansa Muhsin ya haɗiye girman kai ya kira mutumin da ubansa ya shekara goma sha takwas yana jin kunyar a ce ƙanensa ne.

Wannan mutumin shi ne Alu, direban motar gawa ta meri, wato ofishin magajin garin Adjamé. Gajere ne, mai furfura a gefen kunne, ba shi da yawan magana, amma yana da taurin kai irin wanda kan sa ka ji kamar ka shaƙe mutum. Ubansu, Malam Mika'ilu, fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Katsina, ya zauna kusa da Babban Masallacin Treichville, a nan ya haifi 'ya'yansa maza biyu. Babban ya bi sawun uba, ya zama mai shigo da atamfa da shadda ta tashar jirgin ruwa. Ƙaramin aka jefa shi lakwal, wato makarantar boko, ya koyi Faransanci, don a sami mai karanta wa gida takardu. A can ne aka gano ɓarnar da aka yi masa tun yana cikin tsumma. Akawun da ya rubuta takardar haihuwarsa, Allah kaɗai ya san da wane kunne ya saurara, an ce masa Alu ɗan Mika'ilu, shi kuma ya rubuta Alou Michel, sunan Kirista. Malam ya yi sintiri har ya gaji, aka ce gyara sai a kotu, ya ce shi ba ya shiga kotu a kan sunan da ya yanka wa rago. Haka Alu ya tashi, a gida Alu, a takarda Mishel, 'yan unguwa in suna jin tsokana su haɗa masa duka biyun.

Karatun bai yi nisa ba. Ya shekara goma sha biyar yana tuƙa gbaka, ƙananan bas ɗin nan na haya, yana cika fasinja a wajejen sinimar Roxy, har ƙugunsa ya fara ƙorafi. A shekarar 1993 meri ta sayo wata doguwar baƙar mota 'yar gwanjo daga Turai don ɗaukar gawar talakawa, aka nemi direba, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Alu ya ce shi yana so. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya gaji da fasinja masu surutu.

Motar ta zo da gicciye na ƙarfe a kan rufinta. Ranar farko, tsohon sakataren meri, wani dattijo mai tabarau wanda ba ya fashin coci, ya miƙa wa Alu sufana ya ce ya hau ya kwance shi. Alu ya hau da rawar jiki, a ransa yana cewa yau Musulunci ya yi nasara a Adjamé. Washegari ya zo da 'yar takarda mai manne, an rubuta sunan Allah da Larabci, ya lafta ta a gilashin baya, ya ja da baya yana kallon aikinsa. Dattijon ya fito, ya gyara tabarau, ya duba.

"Misye Alu, jiya me na sa ka cire?"

"Gicciye."

"To wannan ma cire. Gwamnati ba ta zuwa coci, ba ta zuwa masallaci. Gawa kawai aka ba ta ta ɗauka. Abin da ke cikin motar na dangin mamaci ne, su sa abin da suka ga dama. Jikin motar na kowa ne."

Da farce Alu ya kankare takardar, yana yi yana zagin dattijon da Hausa ƙasa-ƙasa. Ya kwana uku yana fushi. Amma akwai irin mutanen da in magana ta shiga kansu da ƙyar, to fitarta sai dai a fasa kan, kuma Alu yana cikinsu. Dattijon ya yi ritaya, ya rasu, Alu ne ma ya ɗauke shi, amma dokar ta zauna daram kamar jiya aka kafa ta.

Ya sha faɗa a kanta. Matan wata coci sun taɓa ɗaura ganyen kwakwa da gicciyen katako a hancin motar, ya kashe inji ya zauna yana sakace haƙori har suka kwance. 'Yan kwamitin wani masallaci sun kawo koriyar tuta za su kafa don jana'izar ladaninsu, ya ce su shigar da ita ciki, suka ce masa ashe da gaske Mishel ne. A zaɓen shekarar 2000 wasu 'yan siyasa suka zo da hoton ɗan takara, ya ce musu fasinjojinsa sun daina jefa ƙuri'a. Kowane ɓangare ya ɗauka na ɗaya ɓangaren ne, shi kuwa ko a jikinsa. Ƙorafinsa daban ne. Kirista, in ji shi, za su ajiye mutum wata guda a sanyi sannan su zo da kakaki da ganguna su tsayar da kai yini guda. Musulmi kuma za su taso ka kamar gobara ta tashi, ba ka ko gama ɗaura takalmi ba. In ana dogon wa'azi a coci lokacin azahar ya yi, sai ya shimfiɗa tabarmarsa a inuwar motar ya yi sallarsa. Akwai wata coci a Adjamé da mai gadinta ya saba, da ya gan shi sai ya kawo masa ruwan alwala a gwangwani.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yayansa. Alhaji Abduljalil ba mugu ba ne, mutum ne mai kyauta, mai sahun gaba, amma ya kasa haɗiye cewa ɗan Malam Mika'ilu yana tallabar akwatin Kirista. Sau uku yana yi masa tayin babbar mota a tashar jirgin ruwa, sau uku Alu yana cewa ya gode. Ranar wani suna, an jera kwanukan shinkafa maza sun kewaye, Alhaji ya dube shi a gaban mutane ya ce, "Ka wanke hannu da sabulu tukuna. Ban san wa ka taɓa yau ba." Aka yi dariya. Alu ya tashi ya wanke hannun, ya dawo ya ci abincinsa. Amma daga ranar zuwansa Treichville ya koma na Salla da ta'aziyya, kuma maganar ta yi masa ciwo fiye da yadda ya taɓa gaya wa kowa.

To, wannan yayan ne ciwon sukari ya kayar, magani ya yanke a gari, ya cika da hantsi.

"Baffa," in ji Muhsin a waya, "Baba ya rasu. Ba mu sami mota ba."

Alu ya yi salati, ya ce, "Ku yi masa wanka. Ina zuwa."

Meri ta yi mako uku a rufe. Motar tana ƙofar gidansa da ɗan guntun mai a tanki, wanda ba zai yi zuwa biyu ba. Matarsa Hadijatu ta riƙe masa hannun riga tana kuka, ta ce jiya-jiya aka ƙone mutum a bakin gada. Ya ce ya ji. Ya cire jallabiya da hula, ya sa kakin aiki, ya rataya katinsa a wuya.

Sai dai ba a binne mutum ba takardar izini, kuma mai bayar da ita Madam Afuwe ce, akawun meri, 'yar ƙabilar Baule, 'yar Katolika, mace mai jiki da kaifin baki. Shekara goma sha biyar suna faɗa da Alu a kan yana ɓata mata takardu da baƙin mai. Ranar da aka rufe ofis ta zuba hatimi da babban littafin rajista a jaka ta tafi da su gida, ta ce mutane ba za su daina mutuwa don an rufe ƙofa ba. Ya same ta tana daka a tsakar gida. Ta rubuta takardar a kan turmi, ta buga hatimi, ta miƙo, sai kuma ta janye hannu.

"Wane ne wannan a wurinka?"

"Yayana."

Ta dube shi, ta dubi takardar. "Takarda ba ta da baki, Alu. Yaran nan rabinsu ba su iya karatu ba." Ta shiga ɗaki ta fito da jakarta da takalman zuwa ofis. Ya ce mata ba ya so ta shiga wannan hatsari, ta ce ba shawararsa ta nema ba.

Tafiya ba ta yi wuya ba, don motar babu kowa. Sun ratsa Plateau, unguwar ofisoshi, shiru kamar an share mutane. A bakin gada suka tarar da baraj, wato shingen bincike, samari kusan ashirin da sanduna da adduna, da jarkar fetur a gefe, da wani baƙin tabo a kan kwalta wanda Alu ya kawar da ido daga kansa. Shugabansu saurayi ne dogo, ya ɗaura tutar ƙasa a ka, yana riƙe da tsohuwar bindiga, suna ce masa Komanda. Ya leƙa baya, ya ga wayam, ya yi murmushi.

"Ku wuce. In kun dawo ma ga fasinjan."

A Treichville an riga an shirya Alhaji. A tsakar gida aka yi masa salla, mutum goma sha ɗaya, mutumin da a ranar lafiya sai an rufe titi saboda jama'a. Aka ɗora shi a makara aka shigar. Muhsin ya kama ƙofar mota zai hau, Alu ya tare shi.

"Da wannan gemun? Da wannan goshin? Sauka."

"Baffa, ubana ne fa!"

"Na sani. Uwarka ta rasa miji yau, ya ishe ta."

Babu namiji ko ɗaya da ya bi su. Alu ya ja mota a hankali, ya ji kukan mata yana raguwa a bayansa. Tun da ya fara wannan aiki bai taɓa duba madubi don ya ga fasinja ba, yau kuwa idonsa ya ƙi barin wurin.

Saura kaɗan su hau gada, Madam Afuwe ta buɗe jaka ta zaro carbinta na coci, mai ƙaramin gicciye a ƙarshe, ta miƙa hannu za ta rataya a madubi.

"Madam, kar ki sa."

"Na gada ne kawai. Muna wucewa in cire."

"Kar ki sa."

"Kai wane irin mutum ne? Rai biyu ne a motar nan, ba naka kaɗai ba! Ina da jikoki!"

Ya rage gudu. Ya san tana da gaskiya, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya ce, "In na sa yau, gobe motar ta zama ta coci. Jibi zan ɗauki ɗan cocinku in bi ta unguwar da namu samarin suka tare, me zan ce musu? Kuma ba na wasa da abin ibadarki don in ɓoye. Ki sa a wuyanki, wuyanki naki ne."

Ta zage shi da Baule, zagi mai tsawo, sannan ta rataya carbin a wuya ta fito da shi saman riga.

Komanda ya gane su tun daga nesa. Ya ɗaga hannu, aka ja tebur aka rufe hanya, ya ce a kashe inji. Alu bai so ba, don ya san halin batirin motar, amma ya kashe. Ya miƙa katinsa ta taga.

"Alu Mishel," Komanda ya karanta da ƙyar. "Mishel. To, tsoho, buɗe mu gani."

Alu ya sauka ya buɗe ƙofar baya. Samarin suka matso, suka ga babu akwati, sai farin likkafani a kan makara, nan take hayaniya ta tashi. Wani ya ce ɗan tawaye ne, wani ya ce haka suke ɓoye bindigogi. Madam ta miƙo takardar izini ta taga, Komanda ya karɓa ya riƙe ta a juye, ya mayar. Ya sa bakin bindiga yana tsokanar gawar tun daga ƙafa, yana dannawa, yana hawa sama. Da ya zo kai, ya kwance ɗaurin ya yaye likkafanin. Fuskar Alhaji ta bayyana, da auduga a hanci, da farin gemunsa da aka taje.

"Dube shi," in ji Komanda. "Mishel, kai ba ka jin ƙyama? Kana ɗaukar waɗannan mutanen?"

Alu yana tsaye, hannuwansa a baya, yana kallon kwalta. Ya ji bakinsa ya ce, "Aiki ne."

"Ka san shi?"

"Aiki ne, Komanda."

Saurayin ya yi tsaki, ya jefa likkafanin a kan fuskar ba tare da ya rufe ta duka ba, ya ce su ɓace masa da gani. Alu ya rufe ƙofa, ya zagaya ya shiga. An tsira ke nan, an ja tebur, hanya a buɗe, ga Plateau can gaba. Amma bai taɓa jin ya tsani kansa kamar wannan lokacin ba. Ya kama makulli, kuma kafin ya ankara, kalmar da ya shekara talatin da wani abu yana faɗa duk sanda ya taɓa makullin mota ta fito da kanta, a fili, taga a buɗe.

"Bismillah."

Motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru.

Komanda ya riga ya juya baya. Ya tsaya, ya dawo a hankali, ya sunkuyo da kansa ta taga har Alu yana jin warin giya. "Me ka ce?"

"Batir ya ce!" Madam Afuwe ta yi caraf. "Batir ɗin ne ya mutu, ɗana, ba ka ji ba? Batir!"

Ta buɗe wa Alu ƙofar tsira, saura ya bi. In ya gyaɗa kai kawai, mai yiwuwa a wuce wurin. Alu ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ga rabin fuskar yayansa a buɗe, ƙuda ya sauka a goshin.

"Bismillah na ce."

Ba shi ya buɗe ƙofar ba, fizgo shi aka yi. Ya faɗi a kan gwiwa, aka kewaye shi, kowa yana ihu, katin ƙarya, ɗan leƙen asiri, ya saci sunan Kirista. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, cikin Faransancinsa na tasha.

"Katin na gaskiya ne, gwamnati ta ba ni! Ni Musulmi ne. Wancan da ke kwance yayana ne, nono ɗaya muka sha, a Treichville aka haife mu. Motar kuwa ta meri ce, ba ta da addini, ta ɗauki naku ta ɗauki namu."

Gindin bindiga ya sauka a girarsa. Ya ga wuta, jini ya rufe masa ido ɗaya. Da ɗayan ya ga wani yana gangaro taya, wani ya ɗauko jarkar nan yana kwance murfi. Ya fara kalmar shahada. Abin da ke ransa ba mutuwar ba ce sosai, tunanin da ya tsaya masa shi ne za a bar Alhaji a rana a bakin gada, ba mai rufe masa fuska.

Sai aka ji ƙarar ƙofa. Madam Afuwe ta fito, ta ratsa samarin da kafaɗa kamar tana ratsa layin masu neman takarda, ta ajiye babban littafin rajista a kan hancin mota da ƙarfi, ta buɗe shi, ta cire murfin biro.

"Kai ne hukuma a nan?" ta tambayi Komanda.

"Mama, koma mota. Ke tamu ce, ba ruwanki."

"Na tambaye ka, kai ne hukuma? Ka ce ƙasa kake karewa, ga tuta a kanka. To madalla, nima ma'aikaciyar ƙasa ce. Wannan gawa tana hannun meri, ga lambarta. Ka karɓe direba, ni ban iya tuƙi ba, gawa ta zama taka. Zo ka rubuta sunanka, da sunan ubanka, da na uwarka, ka sa hannu ka karɓa."

"Ba na rubuta komai."

"Sai ka rubuta. Shekara ashirin ban taɓa barin gawa a hanya ba sunan wanda ya tsare ta. Mutumin nan an yi masa wanka, an yi masa addu'a, ya kama hanyar makwancinsa, kai ka tsayar da shi, ka buɗe masa fuska ya gan ka. In ya tashi neman wanda ya hana shi kwanciya, ba ƙofata zai ƙwanƙwasa ba." Ta juya ga sauran, ta miƙa biron. "Ko kai mai taya? Kai mai jarka? Yaya sunan uwarka?"

Mai jarka ya ajiye jarka. Mai taya ya sake ta, ta gangara ta faɗi can gefe. A Abidjan za ka sami wanda ba ya tsoron soja, za ka sami wanda ba ya tsoron Allah ma, amma wanda zai rubuta sunan uwarsa a littafin matattu, a gaban gawar da idonta ya gan shi, sai ka yi da gaske.

Komanda ya dubi littafin, ya dubi yaransa da suka fara ja da baya, ya tofar da yawu. "Ku kwashe mushenku ku tafi. In na sake ganinka, tsoho, babu littafin da zai cece ka."

Alu ya miƙe da ƙyar. Bai nufi sitiyari ba, ya zagaya baya ya buɗe, ya kori ƙudan, ya ja likkafanin ya rufe fuskar, ya ɗaure yadda ake ɗaurewa. Babu wanda ya hana shi. Sannan ya shiga ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya leƙo da fuskarsa mai jini ya ce, "Sai an tura."

Samarin suka dubi juna. Ba tausayi ba ne, kar wani ya yi musu kyakkyawan zato, so suke gawar ta bar musu wuri. Mutum shida suka jingina sanduna suka kama bayan motar, ɗaya ya yi alamar gicciye a ƙirji kafin ya taɓa. Haka suka tura Alhaji Abduljalil kusan taku hamsin, har inji ya kama.

A wajejen Adjamé Madam ta ce ya tsaya, ta buɗe ƙofa ta yi amai, ta goge baki, ta ce ya ja su tafi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga Williamsville. Babu kowa a maƙabartar sai wani tsoho mai haƙa kabari, da ramuka uku da ya haƙa tun safe, don ya ce kwanakin nan ba a rasa mai zuwa. Madam ta tsaya a jikin mota ta ba su baya, ta san mata ba sa matsawa. Alu da tsohon suka ɗauko makarar, suna tafiya suna hutawa. Alu ya shiga ramin da kansa ya karɓi yayansa, ya kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, ya jera itace, ya fito suka tura ƙasa. Ya yi addu'a shi kaɗai, ya shafa shi kaɗai. Har aka gama idonsa a bushe yake, shi kansa yana mamaki.

Da ya dawo ya tarar Madam ta buɗe littafin a kan hancin mota. Ta miƙa masa biro ta nuna layin direba. Ya goge hannu a wando ya sa hannu, kamar yadda ya yi sau dubbai, ya miƙa mata biron.

"Saura ɗaya," ta ce.

Ta sa yatsa a layin ƙasa, na dangin mamaci. Kullum wani ne ke cika wannan layin, Alu yana gefe yana jira a sallame shi. Ya waiwaya, babu kowa a bayansa sai tsohon yana kankare shebur.

"Me zan rubuta?"

"Sunanka. Sannan a gefe ka rubuta me yake a wurinka."

Ya rubuta sunan. Ya matsa gefe ya ɗora biro, ya yi harafin farko, hannun ya ƙi tafiya. Ya sake gwadawa, biron ya zame ya ja layi. Sai ya kifa goshinsa a kan ƙarfen motar mai zafi, kuka ya ƙwace masa, kuka mai sauti irin na yaro, yana kiran Yaya, Yaya.

Madam Afuwe ta janye littafin kar jini ya ɗiga a kai. Ta dafa bayansa da ɗaya hannun, ta ce masa kalmar da duk Abidjan ke faɗa wa wanda ya yi rashi, ko wace ƙofa yake shiga ranar ibada.

"Yako, Alu. Yako."

Ta jira shi har ya ɗago, sannan ta sake miƙa masa biron.